Sarƙar Lefe da Ƙaiƙayin Wuya

Da zarar an kai amfanin gona gida, rumbu ya cika da gero da dawa, an sayar da riɗi da gyaɗa, sai guɗa ta karaɗe ƙauyukan arewacin Kano. Daga Dambatta zuwa Makoda, daga Bichi zuwa Kunchi da Tsanyawa, da wuya mako ya wuce ba a ɗaura aure ba. A cikin akwatin lefe kuwa, komai talaucin ango, ba a rasa ɗan kwali mai ɗauke da sarƙa da 'yan kunne da awarwaro, suna ta ƙyalli kamar yanzu aka sauke su daga maƙera.

Ga yadda abin ya saba zuwa. Mako biyu ko uku da tarewa, sai a ga amarya tana yawan kai hannu wuya. Da farko ƙaiƙayi ne kawai. Daga nan ƙananan ƙuraje su feso, wasu su ɗuri ruwa, susa ta fasa su, fatar ta yi kaushi ta yi duhu. Kunne ya kumbura daidai huda, yana tsattsafo da ruwa. Uwar miji ta ce sanyi ne. Ƙawa ta ce dilka ce ba ta karɓe ta ba. Wata gwaggo ta yi ƙasa da murya ta ce a dai bincika, kada a je iska ce ta shafe ta, ko kuma an sa mata hannu. Ango ya garzaya kemis ya karɓo man shafawa. Ƙurajen su kwanta kwana huɗu, ranar da dangi suka zo ganin ɗaki ta sake cin ado, jibi su dawo.

Duk wannan shawara da ake yi, ba wanda ya tsaya ya dubi inda ƙurajen suka zauna. Sun bi wuya sun kewaye shi daidai inda sarƙa ke kwanciya, har da wani ɗan tabo a ƙirji inda kan sarƙar ke sauka.

Ƙarfen da ke wannan aika-aika sunansa nikel. Fari ne mai sheƙi, ba ya saurin tsatsa, ga araha, shi ya sa masu ƙera kayan ado ba sa rabuwa da shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya fara ware shi a 1751. Sunan ma na tsiya ne. Masu haƙar ma'adinai a Jamus sun riƙa cin karo da wani dutse mai kama da na jan ƙarfe, su narka shi su rasa jan ƙarfen, sai suka ce wani aljani mai suna Nikel ne ke raina musu hankali. Ashe gwaggon amarya ba ita ta fara ɗora wa mutanen ɓoye laifin wannan ƙarfe ba.

Nikel yana cikin da yawa daga kayan adon yayi, waɗanda 'yan mata ke kira fashon. Sarƙar da aka ce an yi mata ruwan gwal, sau da yawa nikel ake fara shafa mata kafin a ɗora gwal ɗin, don ta yi santsi ta ɗauki haske. Ruwan gwal ɗin kuwa bai kai kaurin fatar albasa ba. Yana koɗewa sai nikel ya haɗu da fata. Akwai shi a fil ɗin da ake maƙale hijabi a ƙarƙashin haɓa, da maɗaurin rigar mama, da zif, da ƙafar tabarau. Maza ma ba su tsira ba: maɓallin wandon jins, kan bel, bayan agogon hannu, da maɓallan ƙarfe na hannun kaftani. Sai kuma zobe. Tun da addini ya hana maza sanya zinari, saurayi azurfa yake nema, amma da yawa daga zobban da ake bazawa a faranti ranar kasuwa fararen ƙarfe ne kawai. Akwai wani haɗi na jan ƙarfe da nikel da tutiya wanda a kasuwannin duniya ake kira azurfar Jamus, alhali ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa.

Yadda cutar ke shiga jiki shi ke rikita mutane. Ƙarfen da kansa ba ya huda fata. Gumi ne, da gishirin da ke cikinsa, ke narkar da ɗan abin da ido ba ya gani, ya ratsa fata. A jikin yawancin mutane maganar ta ƙare a nan. A jikin wasu kuwa, garkuwar jiki sai ta ɗauki baƙon a matsayin abokin gaba, ta horar da wasu fararen ƙwayoyin jini su haddace kamanninsa. Wannan horo ba ya nuna wata alama, kuma yana iya ɗaukar makonni ko shekaru. Amma in ya kammala, duk ranar da nikel ya sake zama a kan fata, dakarun nan za su taru a wurin. Taruwar tasu ce ke ɗaukar lokaci, kwana ɗaya zuwa uku. Wannan ya bambanta shi da borin jini, wanda ke tasowa rudu-rudu cikin mintoci ya baje kafin gobe. Yarinya ta sa 'yan kunne ranar Juma'a, ta cire da dare, ƙaiƙayi ya kama ta ranar Lahadi. Wa zai tuna da 'yan kunne? Sai a kama abin da ta ci da safe.

Kuma jiki in ya koyi wannan gaba, galibi ba ya mantawa har tsufa.

Babbar ƙofar shigar nikel ita ce hudar kunne, domin a nan ƙarfe ke kwana a cikin ɗanyen rauni. A ƙauyukan nan tun jaririya tana cikin tsumma ake huda mata kunne. Da can allura da zare ake sawa, a ƙulle zaren a bar shi har hudar ta warke, wani lokaci a bi da ɗan tsinke. Yanzu gaye ya zo, ana son ranar suna a ga barima tana ƙyalli a kunnen jaririya. Marubucin nan yana ganin a wannan gaɓar tsofaffi sun fi 'yan zamani gaskiya, muddin allurar sabuwa ce mai tsabta, ba wadda ta zaga kunnuwan unguwa ba. Abin da aka shuka a jarirantaka shi ke tsirowa a budurci, lokacin da kwalliya ta yawaita, samari suka fara kawo kyauta, ga tallar rana da zafin bazara suna fitar da gumi. Shi ya sa matasa suka fi kowa zuwa da wannan kuka.

A Turai bincike ya sha nuna cewa fiye da mutum ɗaya cikin goma jikinsa ba ya shiri da nikel, kuma mata sun ninka maza nesa ba kusa ba. A Nijeriya, Farfesa Yetunde Olumide ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ta wallafa sakamakon gwajin majinyata 453 a 1985. Nikel ne ya zo kan gaba, da kashi 12.3 cikin ɗari. Abin da ya ja hankali shi ne ba ta ga bambanci tsakanin maza da mata ba, domin a Legas ta wancan lokaci maza ma suna sanya sarƙa da abin hannu kamar mata. Wato adon da mutanen wuri suke yi shi ke raba cutar a tsakaninsu. A ƙasar Kano, inda namiji ba ya huda kunne, nasa rabon ya fi fitowa a ƙasan cibiya, a wuyan hannu da kuma yatsa.

To yaya ake ganewa? Rabin aikin tambaya ce da kallo, kuma wannan bai fi ƙarfin ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ba. Ma'aikaciyar lafiya da ta san kan abin, in amaryar nan ta zo, ba za ta yi saurin ɗaukar biro ba. Za ta ce, “Ƙanwata, ɗan ɗaga mayafin in gani. Yaushe ya fara?” Amarya ta ce, “Anti, tun bayan biki.” Sai ta bi da wasu: wace sarƙa kike sawa, kina kwana da ita, in kin ajiye ta kwana biyu yana lafawa, tun kina yarinya akwai 'yan kunnen da in kin sa kunnenki ke ruwa? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi. Sau da yawa yarinya za ta yi dariya ta ce ai ita tun tana firamare kunnenta ba ya son fashon, sai na roba. Ta san amsar tun tuni, ba ta dai taɓa haɗa kunnen da wuyan ba.

Sannan a dubi siffar abin. Ƙurjin nikel yana kwaikwayon ƙarfen da ya jawo shi: zagaye kamar kwabo a ƙarƙashin agogo, layi a wuya, faci guda a ƙasan cibiya daidai maɓallin wando, tabo biyu a gefen hanci ko bayan kunne ga mai tabarau. Littattafan likitanci da aka rubuta a Turai suna cewa wurin zai yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne duhu, ko toka-toka, ko launi kamar na makuba, in ya daɗe kuma fatar ta yi kauri kamar ƙirgi. Wanda ya tsaya jiran ja sai ya sallami mai cuta.

Dole kuma a kore sauran masu kama da shi. Ƙazuwa ta fi tsananta da dare, tana son tsakanin yatsu, kuma ba ta tsayawa kan mutum ɗaya, sai ta bi gida. Makero yana faɗaɗa ta gefe, tsakiyarsa na washewa. Kyasbi ba ya cika ƙaiƙayi. Ƙurajen zafi suna bazuwa duk inda tufa ta rufe, ba ruwansu da inda ƙarfe yake. Ita amarya lamarinta ya fi cakuɗewa, don a mako guda fatarta ta haɗu da dilka da halawa da humra da sabon man shafawa da baƙin lalle, kuma dayis da ake zana shi da shi yana ɗauke da wani sinadari da shi ma ke tayar da irin wannan ƙurji, har ya fito da siffar zanen fulawar. Saurayin da ya je cin rani ya yi leburanci, ya dawo hannu duk a tsage, an fi zargin siminti, wanda ke da nasa sinadarin mai suna kuromiyam. Fartanya da garma da lauje na maƙeran gida baƙin ƙarfe ne, ba su ne abin zargi na farko ba.

Babban abin da ke ɓata sawu shi ne man kemis, musamman irin mai haɗi uku: maganin kumburi mai ƙarfi, da na makero, da na ƙwayoyin cuta, duk a bututu guda. Maganin kumburin yana kwantar da kusan kowane ƙaiƙayi, sai mai shi ya ɗauka ya warke, ya ci gaba da sanya ƙarfen yana shafa mai. Bayan watanni fatar wurin ta yi laushi fiye da kima, ta yi fari-fari, ta yi nankarwa. Wani abin takaicin, maganin ƙwayoyin cutar da ake yawan sawa a ciki, niyomaisin, shi ma yana cikin sanannun masu tayar da irin wannan ƙurji. An je kashe wuta an ƙaro kara. Duk wanda zai je asibiti ya tafi da bututun man da ya shafa, ya kuma ƙulle kayan adon a leda ya tafi da su.

Gwaji na farko kyauta ne. A cire duk wani ƙarfe da ke taɓa wurin, a ba shi mako biyu zuwa huɗu. In na wando ne, a ɗinke ƙyalle a bayan maɓallin, ko a koma mazagi. In ƙaiƙayi ya tafi, ƙuraje suka bushe, zargi ya yi ƙarfi. Duhun fatar kam zai daɗe, yakan ɗauki watanni kafin ya koɗe, kada a ce magani bai yi ba a koma shafa man bilicin. Kada kuma wani ya ce zai gwada kansa ta hanyar ɗaure ƙarfe a hannu ya kwana da shi, yana iya tayar da abin da ya fi na farko. In wuri ya fara mugunya, ko ya yi zafi da raɗaɗi, ko zazzaɓi ya biyo baya, wannan ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta inda aka sosa, sai asibiti ba jira.

Tabbaci na ƙarshe yana hannun likitan fata, ta hanyar gwajin liƙe. Wani likita Bajamushe, Josef Jadassohn, shi ya ɓullo da shi a 1895, kuma har yau tsarin bai sauya sosai ba. Ana ɗiga ɗan kaɗan na abubuwan da ake zargi, kowanne a ɗan ƙaramin faifai kamar ƙwayar magani, a jera su a filasta, a manna a gadon baya. Na nikel ana kwaɓa gishirinsa ne da basilin, kashi 5 cikin ɗari a tsarin Turai, kashi 2.5 a na Amurka. Ba allura, ba ɗibar jini. Filastar za ta kwana biyu, awa 48, sannan a ɓare a yi wa wuraren alama da biro. A sake dubawa a kwana na uku ko na huɗu, wani lokaci har na bakwai, saboda jinkirin nan da aka ambata. A baƙar fata likita ba ya dogara da ido kaɗai, yatsa yake bi da shi ya ji ko wurin ya yi tudu ko ya fitar da ƙananan ƙuraje. Gwajin jini da gwajin tsira fata da allura, waɗanda ake yi wa masu asma da atishawa, ba sa kama wannan cuta, kada a yi asarar kuɗi a kansu.

A takarda abin da sauƙi. Ga mutumin Kunchi ko Shanono kuwa, zuwa uku ke nan Kano cikin mako guda, ko kuma a sauka gidan dangi. Ba a jiƙa baya, ba a aikin da zai sa gumi, don filastar za ta saki. Alwala ba matsala, tun da ba ta kai baya, amma wanka sai dai a yi dabara. Watan Afrilu da Mayu, lokacin da ko a inuwa mutum ke jiƙewa, ba lokacin wannan gwaji ba ne, haka ma tsakiyar damina ga manomi. Hunturu ya fi, kuma Allah da ikonsa shi ne lokacin da aljihu ke da ɗan nauyi. Wanda ke shan maganin kumburi mai ƙarfi, ko yake shafa shi a baya, ya faɗa wa likita tun farko, don yana iya danne sakamako. Hanyar da aka saba bi ita ce a fara da babban asibitin Dambatta ko na Bichi, ko asibitin Bela da ke Yadakunya wanda ya daɗe da yin suna kan cututtukan fata, daga nan a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitocin fata ba su da yawa a ƙasar nan, kayan gwajin kuma daga waje ake shigo da su, don haka hikima ce a tambaya ko akwai su kafin a biya kuɗin mota.

Ko gwajin ya nuna nikel, likita mai hankali zai sake tambaya: shin shi ne ya jawo ƙurjin da aka zo da shi yau? Mace tana iya kasancewa jikinta ba ya shiri da nikel tun yarinta, amma tsagewar hannunta daga omo da wanke-wanke take.

Akwai kuma gwajin da ake yi wa ƙarfen kansa. Wani masanin Rasha, Lev Chugaev, ya gano a 1905 cewa sinadarin dimetilgilayoksim yana komawa ja in ya haɗu da nikel. A yau ana ɗiga shi a auduga tare da ruwan amoniya, a goga a jikin sarƙa kamar rabin minti. In audugar ta yi ruwan hoda, ƙarfen yana sakin nikel. In ba ta yi ba, ba a rantsuwa, don wani lokaci yakan kuɓuce. Da za a ce dillalan kayan ado na Kantin Kwari da Sabon Gari, inda 'yan koli ke saro abin da suke bazawa a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, suna ajiye kwalba guda a shago, da an rage wa amare da yawa susa. Maganaɗisu ba ya raba wannan gardama, kuma tsada ma ba ta rabawa. An ce araha ba ta ado, amma farin gwal mai tsada ma akan haɗa shi da nikel.

Ƙasashen Turai ta hanyar doka suka bi. Denmak ta fara a 1990, Tarayyar Turai ta bi sahu da dokar 1994. Abin da zai daɗe a jikin fata ba a yarda ya saki fiye da rabin maikirogiram a kowane murabba'in santimita cikin mako ba, maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Na cikin huda kuwa an sa masa iyakar 0.2 a 2004. Bayan dokar, likitocin Denmak sun ga cutar ta ragu a tsakanin 'yan mata. Kayan da ke isowa faranti a kasuwar ƙauye kuwa ba takarda, ba hatimi, mai sayarwa ma bai san abin da ke ciki ba.

Wata magana da ke yawo a waya ita ce mai wannan matsala ya daina cin wake da gyaɗa da awara, wai suna da nikel. Gaskiya ne suna da shi kaɗan, kuma akwai tsirarun mutane da abinci ke tayar musu. Amma mafi yawa ba ruwansu da abin da ke cikin kwano. A gidan da ɗan wake da ƙosai da ƙuli-ƙuli su ne naman yau da gobe, hana matashiya mai shirin ɗaukar ciki cin su ba tare da umarnin likita ba cutarwa ce.

Abin da ya rage wa amarya shi ne zaɓi. Gwal mai kyau, irin mai lamba 21 ko 22, ba ya cika tayarwa, haka azurfa ta gaske mai hatimin 925, sai dai ba kowane lefe ke kaiwa nan ba. Akwai 'yan kunnen roba, akwai tsakiya da murjani da duwatsun ado da ake shiryawa a zare, a ɗaure da zaren maimakon maƙalin ƙarfe. Hijabi a yi masa ɗinki ko igiya a bar fil. Wasu suna shafa wa bayan sarƙa farin jan farce, yana ɗan taimakawa na wuni guda, amma gumi na kankare shi, sai an yi ta sabuntawa.

Sarƙar lefen kuwa takan koma ƙasan akwati, har ranar da ƙanwar miji za ta zo aro don zuwa bikin ƙawarta. Ƙurjin ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa ta sarƙa ko ta mayafi, don haka ba laifi a ba ta. A dai ce mata ta cire kafin ta kwanta, kuma in ta ji kunne ya fara ƙaiƙayi ranar Lahadi, ta tuna abin da ta sa ranar Juma'a.